Tsohon Cocin Wusasa da Darajar Ginin Tubali

Ina godiya ga Malam Edita da ya ba ni fili a wannan mujalla tamu, don in yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayanin wani gini da na gani da idona a ƙasar Zazzau. Ginin nan coci ne, ni kuwa Musulmi ne ɗan Musulmi, mutumin Kiyawa. Na san wani zai ce, to, me ya haɗa kifi da kaska? In mai karatu ya yi haƙuri ya biyo ni har ƙarshe, zai ga abin da ya haɗa su.

Kakana na wajen uba magini ne, haka ma ubansa. Shi ya gina zauren gidanmu da hannunsa tun mahaifina bai yi wayo ba. Da na shigo makarantar kwana, wata rana da dare muna hira a ɗaki, kowa yana faɗin sana'ar gidansu, sai na ce mu magina ne. Wani ya tambaye ni, "Na siminti ko na laka?" Da na ce na ƙasa, sai ɗakin ya kece da dariya, har aka laƙaba mini suna Tubali. Tun daga ran nan na daina ambatar sana'ar gidanmu. Bara da hutu kuma, da Baffana ya kawo shawara a rushe zauren nan a yi na bulo da kwano, ni ne na fara goyon bayansa. Kakanmu yana zaune yana jin mu, bai ce uffan ba.

Ana nan sai ƙungiyar tarihi ta makaranta ta shirya mana ziyara zuwa Zariya. Muka tashi da asuba, muka bi ta Kwanar Huguma da Wudil, muka ratsa Kano, ba mu isa ba sai da rana ta take. Washegari malaminmu ya fara kai mu Masallacin Juma'a na cikin birni, sa'an nan da la'asar ya ce mu hau mota za mu Wusasa. Waɗansunmu suka yi ta gunaguni. Malam ya ce, "Ba ibada za mu je yi ba, aikin kakanninku za ku je ku gani." Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Yadda aka kafa Wusasa

Wusasa wani gari ne a bayan ganuwar Zariya ta wajen yamma, a gindin wani babban dutse, ba nisa da Dutsen Kufena. Tarihin cocin da ke can ya faro ne daga shekarar 1900, lokacin da wata ƙungiyar Turawan Mishan ta Ingila da ake kira C.M.S. ta aiko da mutanenta ƙasar Hausa. Shugaban tafiyar shi ne Bishop Tugwell, a cikinsu kuma akwai wani likita mai suna Walter Miller. Sun isa har Kano, amma Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, sai suka juyo suka sauka a Girku, kudu da Zariya. A 1905 Likita Miller ya sami izinin zama a cikin birnin Zariya, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi. Ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta, ya kuma duƙufa kan koyon Hausa. Yana cikin manyan waɗanda suka yi aikin fassara Littafi Mai Tsarki na Kirista zuwa Hausa, wanda aka buga cikakkensa a 1932.

Zaman Mishan a tsakiyar birnin Musulmi bai kwanta wa sarauta da Gwamnatin Turawa a rai ba. Saboda haka aka ba su fili a bayan gari, suka tashi suka koma Wusasa a 1929. A nan suka kafa asibiti da makaranta da wurin ibada. Wanda ya tsaya a kan aikin shi ne wani limamin Kirista mai suna Guy Bullen, wanda daga baya aka naɗa shi bishop aka tura shi Sudan, ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1937. Cocin da aka gina a wannan lokaci shi ake kira St. Bartholomew, watau sunan ɗaya daga cikin almajirai goma sha biyu na Annabi Isa kamar yadda Kirista suka lissafa su.

Abin lura a nan shi ne irin ginin da aka zaɓa. A wancan zamani in Turawa za su gina coci a babban gari, sukan kwaikwayi na ƙasarsu ne, mai dogayen tagogi masu tsini da hasumiya. Babban cocin Anglika da ke bakin ruwa a Ikko, wanda aka ɗora harsashinsa a 1925 aka gama a 1946, irin wannan fasali gare shi. Amma a Wusasa sai aka kira magina 'yan ƙasa, aka ce su gina shi yadda suka gada. Suka kwaɓa ƙasa, suka yi tubali, suka ɗaura azara. Wanda ya hango shi daga nesa bai sani ba, sai ya zaci soron wani basarake ne. In Allah ya kai mu 2029, ginin nan zai cika shekara ɗari cif, ga shi kuwa har yanzu yana tsaye.

Yadda ake irin wannan gini

Da muka shiga ciki, abin da na fara ji shi ne sanyi, alhali kuwa a waje rana tana dukan ƙeya. Na ɗaga kai sai na ga bakuna sun taso daga jikin bango, sun lanƙwasa sun haɗu a sama, suna bin juna. Gabana ya faɗi, don kuwa irin bakan da ke cikin zauren gidanmu ne, sai dai waɗannan sun fi girma. Abin da zan faɗa yanzu game da yadda ake yin su, rabinsa daga bakin malaminmu na ji, rabinsa kuwa daga bakin kakana bayan na koma gida.

Aikin yana farawa ne daga kududdufi. Ba kowace ƙasa ce ke gini ba. Magini yakan nemi jar ƙasa mai ɗan tsakuwa da danƙo, a haƙo ta, a jiƙa, a zuba mata yankakkiyar ciyawa, a tattaka da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu tana tsima, a sāke tattakawa. Daga nan sai a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a jera a rana ya bushe. Saboda haka ne ake yin gini da rani. In an zo ɗora bango, sai a jera tubalan gindinsu a ƙasa kansu a sama, a cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sa'an nan a hau wani layi. A gindin bango akan jera tubali da yawa gefe da gefe, ana hawa ana ragewa. Shi ya sa bangon gargajiya yake da kauri a ƙasa, ya tafi yana sirancewa. Nauyinsa a gindinsa yake, kamar mutumin da ya zauna ya harɗe ƙafa.

Kaurin nan shi ne asirin sanyin da na ji. Bango mai kauri yakan sha zafin rana a hankali, kafin zafin ya ratsa zuwa ciki rana ta faɗi. Da dare kuma, musamman lokacin hunturu, sai bangon ya riƙa sakin ɗumin da ya tara. Kwano kuwa da rana ta taɓa shi ya ɗauki zafi, nan take ya juye wa na ƙarƙashinsa. Duk wanda ya taɓa yin barcin rana a ɗakin kwananmu cikin watan Afrilu ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Wurin rufi ne gwanintar magini take fitowa. Itacen rufi shi ne azara, wadda ake fasowa daga gangar jikin giginya, an kuwa fi son ta namijin giginya don ta fi tauri. Darajarta ita ce gara ba ta cika cin ta ba, kuma takan daɗe ba ta ruɓe ba. Amma tana da iyaka. In aka shimfiɗa azara aka ɗora mata nauyin ƙasa, ba ta iya tsallake fili fiye da kamar ƙafa shida ba tare da ta lanƙwashe ba. To, yaya za a rufe ɗakin da zai ɗauki taron jama'a da itacen da ba ya wuce ƙafa shida? Ko dai a cika ɗakin da ginshiƙai har mutane su kasa ganin juna, ko kuwa a nemi wata dabara.

Dabarar ita ce baka, wadda magina ke kira bakan gizo. Tun bango yana tsakiyar tashi, sai magini ya kafa azara a cikinsa, kanta ya leƙo cikin ɗaki kaɗan. Ya ɗaure ta da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya jira ta bushe. Sa'an nan ya ɗora waɗansu a kanta, su ƙara leƙowa, su ƙara karkata. Ta ɗaya bangon ma haka ake yi. A hankali a hankali hannuwan nan biyu suna matsowa, har su gamu a tsakiya a ɗaure su. Ba a kafa wani katako a ƙasa don ya tallafe su, kowane mataki shi ke riƙe na gaba da shi. In bakuna suka gicciya juna a tsakiyar ɗaki, shi ake kira ɗaurin guga, a kansa ne ake tayar da tulluwa. Bakunan nan sukan raba sararin rufin zuwa ƙananan gurabe, kowane gurbi kuwa gajeriyar azara tana iya rufe shi. Sai a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa, a daɓe.

Sauran aiki shi ne kare ginin daga ruwa. Akan shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Rufi kuwa akan shafe shi da laso, watau katsin marina da aka haɗa da gashin da majema suka kankare daga fata da ruwan dafara. Sai a kafa indararo mai tsawo don ya watsa ruwa nesa da gindin bango, a tayar da zankwaye a kusurwoyi. Dubi yawan masu sana'ar da suka sa hannu a soro guda: mai haƙar ƙasa, mai faskaren giginya, marini, majemi, mai saƙar zana, mai tukar igiya. Babu abu ɗaya da aka yi odarsa daga ƙasar waje.

Abin da ya sa ginin ke da daraja

Da farko dai, cocin nan shaida ne a kan iyawar maginanmu. Da safen ran nan mun ga Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Masana gine-gine na duniya suna lissafa shi cikin mafi kyawun ginin ƙasa a Afirka. Kusan shekara casa'in bayan haka, sai ga magina na ƙasar Zazzau an kawo musu wani aiki da ba su taɓa yin irinsa ba. Masallaci yana bukatar faɗi ne saboda sahu, coci kuwa yana bukatar tsawo, jama'a suna zaune suna duban mai wa'azi a gaba. Suka ɗauki bakan da suka gada suka biya wannan sabuwar bukata da shi. Ashe sana'ar ba haddar abu ɗaya ba ce, ilmi ne da ake sarrafawa, kamar yadda muke sarrafa ƙa'idar lissafi a kan tambayar da ba mu taɓa gani ba.

Na biyu, ginin yana riƙe da tarihin mutane. Wusasa ƙaramin wuri ne, amma ya fitar da waɗanda suka yi wa Arewa da Nijeriya aiki. Janar Yakubu Gowon, shugaban ƙasa daga 1966 zuwa 1975, a nan ya tashi ya yi karatunsa na farko, mahaifinsa kuwa mai wa'azi ne a Mishan ɗin. Dokta R. A. B. Dikko, likitan zamani na farko ɗan Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948, ɗan wannan jama'a ne. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi makaranta a nan. Mu masu karatun Hausa kuma mun san littafin Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da Rupert East. In aka bar ginin nan ya rushe, an yage wani shafi daga tarihin Arewa ke nan, ba na Kirista kaɗai ba.

Na uku, a ganina, yana koya mana zaman tare. Yawancinmu a nan Jigawa in aka ce Kirista, sai mu ɗauka baƙo ne daga Kudu. A Wusasa kuwa na ga dattawa da manyan riguna da huluna, Hausa ce harshensu na gado, sun tarbe mu da "Sannunku da zuwa, 'yan makaranta," sun ba mu ruwa. Addininmu daban, amma ƙasar da aka kwaɓa aka yi masallacin birni da wadda aka yi cocin duk ta Zazzau ce. A lokacin da ake yawan samun rashin jituwa tsakanin mabiya addinan nan biyu, ganin haka yana da amfani ga yaro irina.

Laifin ginin ƙasa

Kada a ce na ɓoye gaskiya. Ginin ƙasa yana da babban maƙiyi, shi ne ruwa. Mu mutanen Jigawa mun ga abin da ambaliyar 2022 ta yi, gidajen ƙasa masu yawa suka zube, har aka yi hasarar rayuka. Wannan shi ne hujjar Baffana, kuma ba hujjar banza ba ce. Bugu da ƙari, ginin ƙasa yana son hidima kowace shekara, giginya ta yi ƙaranci, magina na ainihi kuma suna ƙarewa.

Da na kai wa kakana wannan magana, sai ya ce in je in duba irin gidajen da suka fi faɗuwa. Waɗansu an yi su a kwari ne, inda ruwa ke kwanciya. Waɗansu bangonsu siriri ne, an yi su da gaggawa babu harsashin kirki. Waɗansu kuwa an shekara da shekaru ba a yi musu yaɓe ba, indararo ya toshe, ruwa ya sami hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ya kuma ce shafa wa bangon ƙasa siminti ba magani ba ne, don siminti ba ya kama ƙasa sosai. In ya tsage ruwa ya shiga bayansa, ba ya samun hanyar fita, sai bangon ya riƙa ruɓewa a ɓoye. Cocin Wusasa bai kai shekarun nan don ƙasarsa ta fi ta Kiyawa ba. Ya kai ne don an gina shi da kyau, kuma masu shi ba su yi sakaci da shi ba.

Abin da ya kamata mu yi

Waɗansu ƙasashe sun riga mu gane wannan. A garin Jenne na ƙasar Mali, babban masallacin ƙasa da aka sāke ginawa a 1907, duk shekara mutanen gari ke fitowa ƙwansu da ƙwarƙwatarsu su yi masa yaɓe, abin ya zama biki. A ƙauyen Yama na jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, wani magini Bahaushe mai suna Falke Barmu ya gina masallacin ƙasa wanda ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Tsohon birnin Agadas da doguwar hasumiyarsa ta ƙasa ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2013. A nan gida ma, a gidan tarihi na Jos an gina kwatankwacin Masallacin Zariya don kada a manta da fasalinsa, aikin da wani masani ɗan ƙasar Folan mai suna Dmochowski ya tsaya a kai. Abin kunya ne a ce baƙi ne ke auna gine-ginenmu suna rubutawa, mu kuwa muna yi wa jikan magini dariya. Mun mai da kayanmu inuwar giginya, na nesa ka sha.

Ba na cewa kowa ya rushe gidan bulo ya koma na ƙasa. Ina roƙon abu uku ne kawai. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tare da gwamnatin jiha da masarauta, su lissafa tsofaffin soraye da zauruka da masallatai da suka rage, tun daga Garu ta Dutse har ƙauyukanmu, a san inda suke. Makarantun koyon sana'a su ɗauki tsofaffin magina su koyar tun suna da rai. Mu kuma ɗalibai, kowa in ya je hutu ya zauna da dattijon da ya san wata sana'a ya rubuta abin da ya ji, kuma duk wanda ya ci muruci ya tuna ya bar waɗansu ƙwallayen giginyar su girma.

Da na koma gida na ba kakana labarin Wusasa, sai ya yi murmushi ya ce, "Kai ɗan boko, sai da ka je har Zazzau ka shiga coci kafin ka ɗaga kai ka dubi rufin zauren gidanku?" Na rasa amsa. Na je na sami Baffa na ce na janye goyon bayana. Bai yarda gaba ɗaya ba, amma ya ce zai ɗaga wa zauren ƙafa damina ɗaya. In ya yi yoyo za a rushe, in bai yi ba a bar shi, da sharaɗin ni zan yi yaɓen. Hutun da ya wuce na kwana tara ina tattaka ƙasa, kakana yana zaune a inuwa yana gyara mini, hannuwana duk suka yi kanta. Yanzu damina muke jira. Masu kirana Tubali kuwa su ci gaba, na karɓi sunan.

Allah ya ja kwanan dattawanmu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin.